Kurakuran da ake tafkawa wajen zaɓen ƙaramar kyamara mai dogon zum

Yawanci mai neman kyamarar nan da ke shiga aljihu abin da yake fara tambaya shi ne zum ɗinta nawa, 30x ko 40x, sai megafiksel, shikenan wai ya gama bincike. To wannan 30x ɗin lissafi ne kawai fa, ba ma'aunin kyan hoto ba, misali Panasonic Lumix TZ95 lans ɗinta yana tashi daga 24mm zuwa 720mm, ka raba ka ga 30, ita kuma Canon SX740 HS ta kai 960mm shi ya sa aka buga mata 40x. Abin da ba sa rubutawa da manyan haruffa a kwali shi ne kana ƙara zuƙowa ƙofar haske tana ƙara tsukewa, Canon ɗin tana farawa da f/3.3 ta ƙare a f/6.9, wato hasken da ke shiga a ƙarshen zum bai kai kashi ɗaya cikin huɗu na farko ba. Ka duba lambobin f ɗin nan tukuna kafin 40x ta ruɗe ka.

Sai maganar sensa, wato ɗan farantin da haske ke sauka a kansa ya zama hoto, wadda ni a wajena ita ce babba. Galibin masu dogon zum sensarsu mai inci 1/2.3 ce, kusan milimita 6 da 4.5, ko farcen ƙaramin yatsanka ya fi ta, kuma a ciki aka cusa megafiksel 20. Da rana tsaka ba laifi, hoto zai fito tas, amma da yamma ta yi ko ka shiga ɗaki sai ISO, wato ma'aunin yadda kyamara ke ƙara wa hoto haske, ya haura 800, tsaki-tsaki su cika hoton, kyamarar ta hau goge su da kanta, gashin mutum ya manne wuri ɗaya, fuska ta yi sumul ba ƙyallin ido ba komai. In hotunanka na cikin gida ne da na yara masu guje-guje, gara ka haƙura da tsawon zum ka nemi mai sensar inci ɗaya, irin Sony RX100 VII da ke tsayawa a 200mm ko Lumix TZ200 mai 360mm, girman sensarsu ya kai ninki huɗu na waccan. Tsada ce dai kam.

Wani kuskuren, wajen saye mutum ya ɗau hoto biyu a ƙarƙashin fitila mai haske, ya kalla a ɗan allon bayan kyamara ya ce ai ta yi. Allon inci 3 komai kyau yake a kansa mana. Ka sa memorinka, ka ɗauki fuskar mutum a inuwa, ka zuƙo wani rubutu mai nisa har ƙarshe, sannan ka buɗe a kwamfuta ka faɗaɗa ka duba gefe-gefen hoton, nan ne lans yake tona asirin kansa. Ka lura kuma da daƙiƙa nawa take ɗauka kafin ta kama fokas a dogon zum, wasu sai sun yi ta kai da komowa abin da kake son ɗauka ya riga ya wuce.

Da yawa kuma laifin hannu ne ake ɗora wa kyamara. A 720mm ko numfashinka sai ya girgiza hoton, duk da abin hana rawa da ke cikin lans, don haka ka riƙe da hannu biyu, ka manna gwiwar hannu a jiki, ka sa saurin shota, wato ɗan lokacin da take buɗewa ta ɗau hoto, ya kai 1/500 na daƙiƙa ko ya fi haka sauri. Kyamara mai ɗan tagar leƙawa da ake manna ido a kai ta fi daɗi a nan, TZ95 tana da ita, SX740 ba ta da ita. Zum na dijital kuwa ka shiga saiti ka kashe shi kawai, yanka hoton yake yi ya buɗa.

Batir ma kar ka yarda da yawan hotunan da aka rubuta a kwali ɗari bisa ɗari, yawan fita da shigar lans da bidiyon 4K suna zuƙe caji da wuri, ka haɗa da na biyu tun ranar saye. In ta hannu ce za ka saya, ka ɗauki hoton farin bango a ƙarshen zum, duk wani ɗigon duhu da ya tsaya wuri ɗaya a kowane hoto ƙura ce ta shiga ciki, kuma lans ɗin irin waɗannan ba ya cirewa, sai an kwance kyamarar gaba ɗaya.