Yadda Ake Kula da Tukunyar Gahawa a Gida da Zaɓen Irin da Ya Dace da Ita

Tukunyar dafa gahawa ta soma shiga gidajen karkara a Kano da Jigawa ta hanyoyi daban-daban: wani ɗansa ne ya aiko masa daga birni, wani tsarabar aikin Hajji ce, wani kuma cikin kayan gwanjo ya same ta a kasuwar Sabon Gari. Abubuwa uku ne suka fi lalata irin waɗannan tukwane a ƙauye, wato ruwan da ake zuba musu, da maiƙon gahawar da ke maƙalewa a cikinsu, da wutar da ake jona su da ita. Amma kafin a zo ga gyara, ya kamata mai tukunya ya san abin da yake dafawa.

Gahawar da duniya ke sha kusan duka iri biyu ce. Arabika asalinta tsaunukan Habasha ne, daga can aka kai ta Yaman aka riƙa nomawa, kuma ta fi ƙamshi, tana da ɗan tsami-tsami mai daɗi. Robusta kuwa ta fi jure zafi da cututtuka, ta fi ɗaci, kuma sinadarin kafin da ke hana barci ya kusan ninka na Arabika a cikinta. Brazil ce kan gaba wajen noman gahawa a duniya, sai Biyetnam da ta fi noma Robusta. A Najeriya ma ana noman Arabika a tsaunin Mambila na jihar Taraba. Garin da ke narkewa nan take a ruwan zafi, irin Nescafé da kamfanin Nestlé ya fito da shi a 1938, wanda muke gani a teburin mai shayi, gahawa ce da aka riga aka dafa aka busar. Saboda haka ba a zuba shi a kowace tukunyar tacewa. Kofi da cokali sun ishe shi.

Suya ma tana sauya ɗanɗano. Ƙwayar da aka soya sama-sama, kamar wadda ake sha da dabino a Saudiyya, ruwanta ba ya yin baƙi, alhali wadda ta soyu ƙwarai tana baƙi da ɗaci, kuma maiƙonta yana fitowa a jikin ƙwayar. Abin da ya fi shafar lafiyar tukunya shi ne laushin niƙa. Tukunyar gilashi mai raga da ake dannawa ƙasa tana son gari mai tsakitsaki, a jiƙa shi kamar minti 4 kafin a danna. Na'urar lantarki mai ɗigo tana son matsakaici. Ƙaramar tukunyar moka da ake ɗorawa a kan wuta, wadda Alfonso Bialetti ya fito da ita a Italiya a 1933, tana son gari mai laushi amma wanda bai kai laushin fulawa ba, domin idan ya yi laushi fiye da kima sai ya toshe ragar, tururi ya rasa hanya. Wanda ya sayi ƙwaya bai kamata ya aika da ita injin niƙan gari ba, inda ake markaɗa attaruhu da tattasai. Gara ya ware mata ɗan turmi nata, ya daka abin da zai sha a ranar kawai. Sauran a ajiye a kwalba mai murfi gam, nesa da rana, nesa da daddawa da kalanzir, domin gahawa tana ɗaukar warin duk abin da ke kusa da ita.

A ganina, ga gidan da wuta ba ta zama, moka ko tukunyar gilashi sun fi na'urar lantarki amfani nesa ba kusa ba. Wanda ya riga ya mallaki ta lantarki, to ya juya gindinta ya karanta abin da aka rubuta kafin ya jona. Wutarmu bolt 230 ce, kayan da aka ƙera domin Amurka kuwa na bolt 110 zuwa 120 ne, kuma jona irinsu kai tsaye yana ƙone su nan take. Ya kuma duba yawan wat, domin da yawa daga cikinsu suna kaiwa 1,000 ko kusa da haka, nauyin da ƙaramin janareto ko ƙaramar sola ta kunna fitila da cajin waya ba za ta ɗauka ba. Kada a kunna ta babu ruwa a ciki, kuma a zare ta daga soket da zarar an gama.

Batun ruwa shi ne ya fi buƙatar natsuwa. Duk gidan da ke ganin farin ɓawo yana taruwa a gindin butar shayi kamar ƙanzo a tukunyar tuwo, ruwan rijiyarsa ko burtsatsensa yana ɗauke da sinadaran kalsiyam da maganiziyam masu yawa. Wannan ɓawon ne ke taruwa a siririn bututun na'ura inda ido ba ya gani, alamarsa kuwa ita ce ruwa ya riƙa sauka a hankali, na'urar ta yi ta gurnani da fitar da tururi, gahawar kuma ta fito ba zafi sosai. Maganinsa tsami ne. A haɗa farar binega da ruwa rabi da rabi, a cika ma'ajin ruwan, a kunna har rabi ya sauka, sai a kashe a bar shi ya jiƙa kamar rabin awa, sa'an nan a ƙarasa. Bayan haka a zagaya da ruwa zalla sau biyu ko uku har warin ya gushe. Inda binega ta yi wuyar samu, ruwan lemun tsami yana yi, muddin an tace shi da ƙyalle mai tsabta don kada ɓargon lemun ya shiga bututu. Mai irin wannan ruwa da ke dafawa kullum ya yi haka sau ɗaya a wata. Ruwan rijiya mai laka kuma a bar shi ya kwanta a randa, a tace, kafin ya shiga tukunya.

Moka tana da nata ƙa'idojin, kuma a nan ne ɗabi'ar wanke-wankenmu ke yin ɓarna. Yawancinsu na sanholo ne, wato alminiyam, kuma toka da yashi da kanwa, waɗanda ake goge tukwanen miya da su, suna kankare jikinta su dusashe shi. Ruwan ɗumi da soso mai laushi sun wadatar. A kwance ta gida uku bayan ta huce, a zubar da dusar gahawar, a ɗauraye, a bar kowane ɓangare ya bushe shi kaɗai kafin a mayar, domin ɗaure ta da danshi yana kawo fumfuna da wari. Lokaci-lokaci a ciro zoben robar da ke ƙarƙashin ɓangaren sama da bakin cokali, a ɗaga ragar a duba ta a hasken rana. Ramukan da suka toshe a buɗe su da allura. Idan robar ta bushe ta tsage, ko tururi ya fara fita ta tsakiyar tukunyar, lokacin sauya ta ya yi. Wajen dafawa, ruwa ya tsaya ƙasa da ɗan bawul ɗin da ke gefe, wato ƙaramar ƙofar fitar da tururin da ya yi yawa, kada a danna garin a cikin mazubinsa, kuma a kan gawayi ko risho a rage wuta yadda harshenta ba zai lashi mariƙin ya narkar da shi ba. Da zarar ta fara kuka da kumfa, a sauke.

Ita kuwa ta gilashi, a lokacin hunturu a fara ɗumama ta da ruwa mai ɗumi kafin a zuba tafasasshe, saboda sauyin zafi na farat ɗaya yana iya fasa ta. Ruwan da ya tafasa a bar shi kamar minti ɗaya, domin digiri 90 zuwa 96 ne ya fi dacewa, kuma giram 60 na gari a lita ɗaya ma'auni ne mai kyau da za a fara da shi. Ragarta tana kwancewa da hannu, a wanke ta da sabulu mara ƙamshi ko da sau ɗaya a mako, domin tsohon maiƙo da ya maƙale tsakanin faya-fayenta shi ne ke sa gahawa mai kyau ta yi ɗacin banza. Mai son citta ko kanumfari ya zuba su a kofi ko a buta ta daban, kada su shiga cikin na'ura. Idan an gama, a rufe kowace tukunya da ƙyalle ko a sa ta a kabad saboda ƙura, dusar kuma a kai ta ramin taki inda dabbobin gida ba za su ci ba.