Kafin ka sayi tikitin jirgi, tambayi halin da ciyawar take ciki

Shekara uku da suka wuce mu huɗu muka haɗa kuɗi muka tafi kudancin Fotugal buga golf. Masauki mai kyau, rana ba ta cizo, jakunkunan sandunanmu sun iso lafiya. Da muka kai ramin farko sai muka tarar da girin, wato shimfiɗar ciyawar nan mai laushi da ke kewaye da rami, an huhhuda shi kamar rariya an barbaɗe da yashi. Ka buga ƙwallo a hankali, ta riƙa tsalle kamar keke a kan hanyar da damina ta cinye. Ɗaya daga cikinmu ya dube ni ya ce, "Alhaji, don wannan muka baro Kaduna? Ai burawun ɗinmu na yashi da baƙin mai ya fi wannan santsi." Ni na shirya tafiyar, ni kuma na sha tsiya har muka dawo. Na tambayi farashi, na tambayi abinci, ban tambayi ciyawa ba.

Wannan hudar ita ce ta fi kama baƙo, don ba a rufe fili saboda ita. Yawan tattaki yana danne ƙasa har iska da ruwa su kasa kaiwa ga saiwa, sai a kawo inji ya ciccire ƙasa kamar kaurin yatsa, a cike gurbin da yashi. Dole ne a yi, ba mugunta ba ce. A Turai an fi yin ta wajen Maris zuwa Afrilu, sai kuma Satumba zuwa Oktoba, wasu kuma a Agusta. Idan ciyawa na tsiro sosai, cikin kamar mako biyu wurin ya warke. Idan sanyi ya shigo, ya fi haka daɗewa. Shafin filin a intanet zai ce maka a buɗe suke, kuma ba ƙarya suka yi ba. In ka ga farashin wani mako ya faɗi ƙasa alhali na gabansa da na bayansa suna sama, to ka tsaya. Araha ba ta ado.

A wuraren zafi na Amurka irin Arizona akwai wata al'adar dabam. Ciyawarsu ta Bermuda tana bushewa da sanyi, don haka wajen ƙarshen Satumba zuwa Oktoba sukan aske ta ƙasa-ƙasa su shuka wata mai jure sanyi a kanta. Fili kan rufe na wasu makonni, in an buɗe kuma a jiƙe yake, a hana ƙananan motocin wasa sauka daga kan titinsu. Mai ciwon gwiwa ya lura da wannan.

Babban gyara shi ne mai sauƙin kaucewa, tunda ana shelarsa tun da nisa. Filin Ailsa na Turnberry a Sikotland an rufe shi daga ƙarshen 2015 zuwa tsakiyar 2016 Martin Ebert ya sake masa fasali. Pinehurst mai lamba 2 a jihar North Carolina, wanda Donald Ross ya zana, Bill Coore da Ben Crenshaw sun yi masa aiki a 2010 zuwa 2011, suka cire doguwar ciyawar gefe suka maido da yashi da tsiron daji kamar yadda yake a da. Abin da ba a faɗa maka shi ne, idan wuri yana da filaye da yawa aka rufe ɗaya, duk jama'ar kan sauran suke komawa. Lokacin fara bugu na safe ya yi wuyar samu, zagayen da kake yi cikin awa huɗu ya ja ka har la'asar.

Ni kuma ba na ɗokin zuwa filin da aka buɗe jiya. Sabon girin tauri gare shi, ƙwallo ta sauka ta wuce abinta, ɗinkin ciyawar da aka shimfiɗa bai gama haɗewa ba, kuɗin shiga kuwa an riga an ƙara. Bari 'yan jarida da masu ɗaukar hoto su fara. Kai ka je a shekara ta biyu.

Akwai kuma gyaran da ake yi ana wasa. Nan ne za a ce maka "ramuka 18 ne", amma biyu daga ciki an yanka ɗan da'ira ne a tsakiyar fili an kafa tuta. Ka tambaya ƙarara: ramuka nawa ne ke kan girin na wucin gadi, kuma waɗanne? Idan ramin da ya sa ka ɗauko jaka tun daga gida yana cikinsu, ɗage tafiyar. Ka kuma sani filin da ka gani a talabijin shekarun baya ba lalle shi za ka taras ba. Royal Portrush a Ireland ta Arewa, kafin gasar Open, babbar gasar golf ta Birtaniya, ta 2019, an ajiye tsofaffin ramuka na 17 da 18 aka gina sababbi biyu da suka zama na 7 da na 8.

St Andrews ta Sikotland ita ce kowa ke mafarki, don haka bari in daɗe a kanta. Old Course, wato tsohon filinta da ya fi shahara, ba a wasa a kansa ranar Lahadi, sai dai lokacin babbar gasa. Mutanen gari ne ke yawo a kai da karnukansu. Wanda ya ba garin Asabar da Lahadi kawai ya cuci kansa. In ba ka sami gurbi tun da wuri ba, akwai ƙuri'a da ake shiga kwana biyu kafin ranar wasa, kuma za a nemi takardar handikaf ɗinka, wato shaidar matakin iya wasanka, ka karɓo ta daga kulob ɗinka kafin ka tashi. Daga Nuwamba zuwa Maris kuɗi na sauka, amma za a miƙa maka 'yar tabarmar roba ka riƙa ɗora ƙwallo a kai don kada ka yagi ciyawa, kuma lokacin ne ake sake gina bangon ramukan yashi, ana jera yankan ciyawa kamar tubali. Wajen ƙarshen Satumba zuwa farkon Oktoba gasar Dunhill Links kan cinye filin. Sannan gasar Open za ta dawo can a Yulin 2027, bayan ta 2022 da Cameron Smith ya lashe, kuma shekarar Open rufewa da kafa rumfunan 'yan kallo sukan ci makonni. Hukumar St Andrews Links Trust tana wallafa ranakun da filin ba ya samuwa. Da su za ka fara, ba da farashin jirgi ba. In ƙuri'a ta ƙi ka, ga Jubilee da New Course nan maƙwabtansa. New Course sunansa kawai ne sabo, tun 1895 yake.

Tsarin da nake bi yanzu ke nan: fili tukuna, sai masaukin da za a iya sokewa ba asara, sai biza, tikitin jirgi a ƙarshe. Ga mai fasfo irin namu wannan ba ƙaramin abu ba ne, don bizar da aka sha wuya aka samu ba a matsar da ita yadda Bature ke matsar da hutunsa. Ina rubuta wa filin da kansa, ba dillalin tafiya ba, in roƙa a tambayo mai kula da ciyawa: yaushe aka yi huda ta ƙarshe, yaushe za a yi ta gaba, akwai ramin da ke rufe ko aka gajarta, akwai gasa a makon, kuma in aikin ya zarce ranar da aka sa, za a maido kuɗi ko a sauya mana fili? Amsar a rubuce nake so, in ajiye. Saura mako biyu mu tashi in sake tambaya, don ruwan sama kan tura aikin da aka tsara wa wannan mako zuwa na gaba.

Bana da na aika irin wannan wasiƙa wani fili da muke hari, amsa ta zo cewa za su yi huda kwana huɗu kafin ranar da muka sa. Muka matsar da tafiyar mako uku. Abokin nan nawa mai zancen burawun shi ya fara turo kuɗinsa.