Kurakuran da aka fi yi wajen horar da jami'an da ke tafiyar da harkokin teku

Ƙasashe masu gaɓar teku suna kashe kuɗi mai yawa wajen tura jami'ansu kwasa-kwasai, amma sau da yawa idan aka leƙa hukumar bayan shekara biyu ko uku, sai a tarar takardun shaida sun ƙaru a bango, aiki kuwa yana nan jiya i yau. Wuraren karatu akwai su, domin Hukumar Harkokin Teku ta Duniya, wato IMO mai hedikwata a Landan, ta kafa jami'a a birnin Malmo na Siwidin a 1983, ta kuma kafa cibiyar koyar da dokokin teku a Malta a 1988. Ɓarakar takan faru ne kafin jami'i ya tafi da kuma bayan ya dawo.

Tun daga zaɓen wanda za a tura ake fara kuskure. Gurbin horo yakan zama ladan daɗewa a aiki, a bai wa wanda saura ƙiris ya yi ritaya, alhali matashin da zai riƙe sashen na shekara ashirin yana zaune yana kallo. Gyaran shi ne a fara gano giɓin da ke cikin aiki, sannan a nemo wanda zai cike shi. Ba ma sai an yi lalube ba, tunda daga Janairun 2016 ya zama tilas IMO ta binciki ƙasashen da ke cikinta, rahoton binciken kuma yana nuna inda ƙasa ta gaza a matsayinta na mai yi wa jirage rajista su ɗaga tutarta, ko mai tashar jiragen ruwa, ko mai gaɓar teku. Daga wannan rahoto ya kamata tsarin horo ya fito.

Kuskuren da ya fi kowanne ɓarna, a ganina, shi ne ɗaukar haddace yarjejeniya a matsayin iya aiki da ita. Jami'i yana iya karanto babukan SOLAS ta 1974 kan kare rayuka a teku, ko MARPOL kan gurɓata ruwa, ba tare da tuntuɓe ba, amma bai san cewa a ƙasashe da yawa rattaba hannu kaɗai ba ya bai wa kotu ikon hukunta kowa ba, sai an shigar da yarjejeniyar cikin dokar ƙasa. Akwai kuma wani tarko da ba a cika koyarwa ba: yawancin gyare-gyaren waɗannan yarjejeniyoyi suna fara aiki ne a ranar da aka tsayar matuƙar adadin ƙasashen da aka ƙayyade ba su nuna adawa ba, wato shiru ma amsa ce. Ranar 1 ga Janairun 2020 aka rage farar wutar da aka yarda ta kasance a man jiragen ruwa daga kashi 3.5 zuwa kashi 0.5 cikin ɗari, kuma duk hukumar da ba ta sabunta ƙa'idojinta ba ta wayi gari da dokar da ba ta da hanyar tilasta ta. Don haka kada kwas ya ƙare da jarrabawar amsa tambayoyi kawai. A sa kowane ɗalibi ya ɗauki gyara guda ɗaya, ya rubuta daftarin ƙa'idar da ƙasarsa za ta fitar, ya fayyace wanda zai duba jirgi da kuma hukuncin wanda ya saɓa.

Wani kuskuren shi ne zaton tsohon kyaftin zai iya tsara manufa don kawai ya san teku. Takardar da ya samu a ƙarƙashin STCW, yarjejeniyar 1978 kan horar da ma'aikatan jirgin ruwa, shaidar iya tuƙi da gadi a jirgi ce, ba ta koya masa kasafin kuɗi ko rubuta doka ba. Lauyan da bai taɓa taka jirgi ba ma nasa raunin bai gaza haka ba. A haɗa su aji ɗaya, kuma kowannensu ya fita da sanin dokar teku ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1982: cikakken ikon ƙasa a mil 12 na farko daga gaɓa tare da barin jiragen waje su wuce cikin lumana, iko kan kwastan da shige da fice har mil 24, da iko kan kifi da ma'adinai har mil 200. Wanda ya cakuɗa waɗannan yankuna zai kama jirgin da kotu za ta sake shi.

Haka nan horar da kowace hukuma ita kaɗai kuskure ne, domin ranar da mai ya malala, sojin ruwa da hukumar tasha da ta muhalli za su haɗu a wuri ɗaya ba su san juna ba. Atisayen haɗin gwiwa sau ɗaya a shekara yana rage wannan.

Sai batun shugabanci, wanda aka mayar da shi laccar kwana uku a otal. A ɗauka ƙaramin sufeto ya hau jirgi, ya nemi a tayar da famfon kashe gobara na gaggawa, injin ya ƙi tashi, ya rubuta takardar tsare jirgin, kafin ya sauko daga tsani wayar wakilin kamfani ta riga ta kai ofishin shugabansa. Abin da shugaban zai ce cikin wannan minti biyar shi ne darasin da sauran sufetoci za su riƙe. Lokacin da jirgin Herald of Free Enterprise ya kife a Beljiyam a 1987, ya tashi ƙofar gabansa a buɗe, mutum 193 suka rasu, bincike ya nuna sakacin ya kai har ga shugabannin kamfani da ke kan tudu, kuma wannan na cikin abin da ya haifar da ƙa'idar ISM, wadda ta ɗora wa kamfanoni alhakin tafiyar da jiragensu cikin aminci. Irin waɗannan rahotanni ya kamata a baje a gaban masu koyon shugabanci, a tambaye su wane mataki za su ɗauka da a ce su ne ke kan kujerar.

Saura abin da ke biyo bayan dawowa. Ba sabon abu ba ne jami'i ya gama shekara guda yana karatun binciken haɗurran jirage, wata uku da dawowarsa a sauya masa wurin aiki zuwa sashen sayen kaya. Kafin ya tafi a rubuta cewa zai riƙe wannan sashe aƙalla shekara uku, zai koyar da mutum biyu da aka ambaci sunayensu, zai kuma miƙa littafin tsarin aiki wanda magajinsa zai iya buɗewa ya bi.