Yadda Ake Neman Maƙerin da Zai Gyara Tsohuwar Bindigar Gado

A gidaje da dama na cikin garin Bauchi da ƙauyukan da ke kewaye, akan sami tsohuwar bindiga rataye a zaure ko a kwance a bayan adaka, wadda kaka ya yi farauta da ita, ko ya riƙe ta cikin 'yan bindigar sarki a lokacin hawan sallah. Idan kunamarta ta saki, ko tsatsa ta ci bakinta, magada sukan yi gaggawar neman wanda zai taɓa ta. Sai dai kafin a doshi maƙera, ya kamata a fara sanin matsayin bindigar a wurin hukuma.

Dokar makamai ta Najeriya, wadda ta samo asali tun 1959, ta kasa bindigogi kashi uku. Libarba da fistol, komai tsufansu, har da masu tashi da ƙyastu, suna cikin kashin da aka haramta, kuma Shugaban Ƙasa ne kaɗai ke da ikon ba da lasisin riƙe su. Saboda haka wanda ya buɗe akwatin marigayi, wataƙila tsohon soja ko ɗan doka, ya tarar da ƙaramar bindiga, ba maƙeri zai nema ba. Abin da ya dace shi ne ya sanar da 'yan sanda, ya bar su su zo su ɗauka, maimakon ya sa ta a aljihu ya hau babur. Bindigar harbin tsuntsu mai harsashi tana buƙatar lasisi daga Sufeto Janar na 'yan sanda, ita kuwa bindigar toka da ake ɗurawa ta baki, maganarta tana hannun Kwamishinan 'yan sanda na jiha. Lasisin na mutum ɗaya ne, ba ya shiga rabon gado. Shi ma mai gyaran sai yana da izinin hukuma.

Abu na biyu, wanda na fi ba shi muhimmanci, shi ne a ɗauki bindigar a matsayin mai ɗure har sai an tabbatar da akasin haka. Mafarauta da yawa sun rataye bindigoginsu da albarushi a ciki, suka rasu ba su faɗa wa kowa ba, shi kuwa albarushi idan bai jiƙe ba yakan yi shekaru masu yawa yana nan da ƙarfinsa. Kada a ɗana kunama don gwaji, kada a kusanta ta da wuta da sunan sassauta tsatsa, kada kuma a bar yara su yi wasa da ita.

Neman ƙwararre kuwa ba a kasuwa ake fara shi ba. A je wurin Sarkin Baka ko dattawan mafarauta, a gaishe su, a tambayi wanda suke kai wa nasu bindigogin. Haka nan Sarkin Maƙera ya san wanda ya gaji wannan fanni da wanda gwanintarsa ta tsaya a fartanya da lauje. Idan bakin mutum biyu ko uku ya zo ɗaya a kan maƙeri guda, to a same shi a maƙerarsa, a nemi ganin takardar izininsa cikin ladabi. Wanda yake da ita ba ya jin nauyin nunawa, hasali ma shi zai riga ka tambaya: “Ɗana, ina takardar bindigar?”

Daga yadda ya karɓe ta za ka fara gane ko waye. Gwani yakan kawar da bakin daga mutane, ya zura siririyar sanda cikin bututun har ƙarshe, ya riƙe wurin da yatsa, sannan ya zaro ta ya gwada a jikin bututun ta waje. Idan tsawon bai zo daidai ba, akwai abin da ke kwance a ciki. Bayan ya tabbatar babu ɗuri, zai raba ƙarfen da itacen, domin a ƙarƙashin bututun, inda ido ba ya kaiwa, tsatsa ta fi yin ɓarna. Tokar albarushi tana jan laima, bindigar da aka harba ba a wanke ba kuwa daga ciki take ruɓewa, ko da wajenta yana ƙyalli.

A nan ne ake rabuwa tsakanin maƙeri da mai neman kuɗin cefane. Sifirin da ya karye ana sauya shi, itacen da gara ta ci ana sassaƙa wani, amma bututun da ya tsage ko ya kumbura ba shi da magani. Duk wanda ya ce zai toshe tsagar da walda, ko ya maye gurbin bututun da na ruwan famfo, ka karɓi kayanka ka yi masa sallama, domin irin wannan gyaran ne ke raba mutum da yatsunsa ko idonsa. Haka ma wanda ya ce za a iya ɗura mata albarushin da aka zazzage daga harsashin zamani, wanda ƙarfinsa ya fi abin da tsohon ƙarfe zai iya ɗauka. A ganina, maƙerin da zai dube ka ya ce “wannan ta gama aikinta” ya fi cancantar a ba shi amana.

A yi ciniki a gaban shaida, a ɗauki hoton bindigar, a rubuta duk wata lamba ko tambari da ke jikinta, sannan a gargaɗe shi kada ya goge su da magagari, don su ne ke nuna inda aka ƙera ta. Idan kuwa ta tabbata ba za ta sake harbi ba, sai ya fitar da ɗurin idan akwai, ya tsabtace ta, ya shafa mata mai. Iyalin da ba sa son ɗawainiyar lasisi suna iya tuntuɓar Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa, da sanin 'yan sanda, su miƙa ta tare da sunan kakan da labarin inda ya riƙe ta.