Yadda al'umma za ta ɗana tarko don ceton tsuntsayen daji

Ɓera da sitot, wata siririyar dabba mai kama da tunku, suna cikin manyan masu cinye ƙwai da 'yan tsakin tsuntsaye a wuraren da aka shigo da su daga waje. A Niyu Zilan an kawo sitot ne a shekarun 1880 don ya rage zomaye, sai ya koma kan tsuntsayen ƙasar. Tun 2016 gwamnati ta sa burin kawar da irin waɗannan dabbobi kafin 2050, kuma ga tsarin da ƙungiyoyin sa-kai ke bi.

Kada ku fara da tarko, ku fara da awo. A shimfiɗa kati mai tawada a tsakiya cikin ɗan bututu, a ɗiga niƙaƙƙiyar gyaɗa, a bar shi ya kwana. Da safe sawun ƙafa zai nuna wanda ya ratsa. In katuna 20 kuka sa, 12 suka fito da sawun ɓera, kun tashi da kashi 60 cikin ɗari. Abin da ake nema shi ne ƙasa da kashi 5.

Tarko kuwa ba a barinsa a fili. A sa shi cikin akwatin katako, a toshe bakin da ragar waya mai ƙaramar kafa, yadda ɓera zai shiga amma tsuntsu ko hannun yaro ba zai kai ba. Na ɓera, tarko ɗaya kowace mita 50, layi da layi mita 100. Sitot yana yawo da nisa, don haka mita 200 ta isa, kuma ƙwai ko naman zomo ake sa masa.

Inda aka fi yin kuskure shi ne gaggawa. Ɓera yana tsoron sabon abu, sai a bar tarkon da abinci ba a ɗana ba na 'yan kwanaki har ya saba. Akwatin ya zauna daram, domin in ya yi motsi ɓera ba zai sake kusantarsa ba.

Kowane layi a ba shi mai shi, a riƙa dubawa duk mako a farko, da safar hannu saboda cutar da fitsarin ɓera ke ɗauke da ita. A rubuta har tarkon da bai kama komai ba. In kamu ya ragu kada a saki jiki: cikin ɓera mako 3 ne kacal, wasu kuma na shigowa daga maƙwabta. A maimaita awon kati duk wata 3, musamman gab da lokacin sheƙa.