Yadda Nake Yashe Indararon Rufi a Legas

Mu da muka taso a Arewa, indararo ba abin damuwa ba ne, ka duba shi sau ɗaya kafin ruwan fari, shi ke nan. Legas ba ta yarda da wannan ba. Ruwa na zuba daga Afrilu zuwa Yuli, ya ɗan lafa a Agusta, ya dawo Satumba da Oktoba, ga iska kullum cike da laima. Don haka nake ce wa masu gida a hau sau uku a shekara: Maris, lokacin da ƙurar hunturu ta taru tana jiran ruwa ya mai da ita taɓo, sai Agusta, sai Nuwamba. In reshen mangwaro na leƙo rufin, a ƙara.

Mai ganin ana son cin kuɗinsa ne, ya yi lissafi. Ruwan milimita 50 a kan rufi mai faɗin murabba'in mita 200, lita 10,000 ke nan. In hanya ta toshe, silin da bango da gindin gini ne za su sha.

Kayan aikin ba su da yawa: tsani, bokiti mai ƙugiya, safar hannu mai kauri, ɗan cokalin magina, buroshi, tiyo, da doguwar waya. Kafin ka ɗaga tsani, ɗaga kai ka ga inda wayar wuta ta bi, musamman in tsanin na ƙarfe ne. Kowace mita 4 ta tsawo, ka janye gindinsa mita 1 daga bango, kuma wani ya riƙe maka. Ka ɗan bubbuga gefen rufin tukuna, don rina na son yin gida a ƙarƙashinsa.

Inda sababbin yara suke ɓata aiki shi ne su hau da tiyo su fara feshi. A'a. Fara toshe bakin bututun da ke saukar da ruwa da tsumma, sannan ka kwashe da hannu, daga bakin bututun kana yin nesa da shi. Abin da za ka tarar ba busasshen ganye ba ne irin na gida. Baƙin taɓo ne mai wari kamar na tsohuwar rijiya, da gansakuka, da kashin tattabara, da ledar fiya wata, wani lokaci har da ɗan tsiro da ya kafa saiwa. A nan sauro ke hayayyafa, kuma mako guda zuwa kwana goma ya ishe shi daga ƙwai ya zama mai cizo. Zuba a bokiti, kada ka watso wa mutane a tsakar gida. Ka goge gansakukar da buroshi har sai ka ga ainihin ƙarfen ko simintin.

Sai yanzu za ka cire tsumman ka saki ruwa daga can ƙarshe. Tsaya ka kalla. In ya kwanta a wani wuri, ƙarfen da ke riƙe da indararon ya saki ko gangarar ta lalace; kimanin rabin santimita a kowace mita 3 ya wadatar. In bututun ne ya ƙi haɗiya, a gwiwarsa cushewar take, ka zura waya daga ƙasa. Unguwannin bakin teku irin su Lekki da Apapa, iskar gishiri na cin ƙarfe da wuri, ka duba tsatsa a kowace mahaɗa. Silikon kuwa, gam ɗin da ake toshe yoyo da shi, ba ya kama jiƙaƙƙen wuri, bari ya bushe.

Manyan shaguna da rumbunan ajiya aikinsu daban ne. Indararonsu galibi a tsakiyar rufi biyu yake, ko a bayan katangar sama, in ya cika ciki yake zuba, kan kayan mutane. Nan ba na hawa sai da igiyar ɗamara da katakon shimfiɗawa. Ka bi layin ƙusa, kada ka taka farin kwanon nan mai shigo da haske, ko tsohon kwanon rufi na asbestos.

Ragar da ake sayarwa wai ta hana toshewa, tana tare ganye, amma ƙura na wucewa abinta, hawa dai sai an yi. Ka ɗauki hoto da waya kafin ka fara da bayan ka gama, don manaja ba zai hau ya gani ba, kuma da hoton zai sa hannu a biya ka.