Yadda Za Ka Bi Sawun Tasirin Mawaƙi a Harkar Waƙa

Shahara daban, tasiri daban. Akwai mawaƙin da waƙarsa za ta cika gari na wata shida sannan a manta da shi, akwai kuma wanda zai sauya yadda sauran mawaƙa ke rera waƙa da yadda kamfanoni ke sayar da ita. Idan kana son tantance na biyun, ka bar duba yawan masoyansa, ka koma duba abin da wasu suka yi a bayansa.

Ka fara da kunne. Ka zaɓi waƙar da kake zaton ta kawo sabon salo, ka saurari waƙoƙin da suka yi tashe shekara biyu kafin fitowarta da waɗanda suka biyo bayanta, kana lura da abu guda kacal, ko murya, ko kiɗa, ko tsawon waƙar. Manhajar Auto-Tune ta fito a 1997 domin gyara muryar da ta kauce, amma a 1998 Cher ta yi amfani da ita a waƙar Believe ta yadda muryar ta koma tamkar ta na'ura, daga baya kuma T-Pain ya mayar da hakan tambarinsa har ya zama yayi. Wanda ya fara da wanda ya yaɗa ba lallai ne su zama mutum ɗaya ba, kuma a ganina mai yaɗawar ya fi cancantar a bibiye shi.

Sannan ka karanta sunayen da ke bayan waƙar, domin sau da yawa salon da ake jingina wa mawaƙi aikin furodusa ne. Misali, furodusa Max Martin, ɗan ƙasar Suwidin, ya yi aiki da Britney Spears da Taylor Swift da The Weeknd.

Inda ya kamata ka fi daɗewa shi ne ɓangaren kasuwanci, saboda nan ne ake ganin ƙarfin mawaƙi ƙuru-ƙuru. Ka tambayi kanka ko akwai wata ƙa'ida ko al'ada da ta canja saboda matakin da ya ɗauka. A 1983 Michael Jackson ya fitar da bidiyon Thriller mai kusan minti 14, abin da ya sa kamfanoni suka fara kallon bidiyon waƙa a matsayin abin zuba kuɗi sosai. A Disambar 2013 Beyoncé ta saki kundinta ba tare da talla ko sanarwa ba, manyan mawaƙa da dama suka bi sahu. A 2015 Taylor Swift ta rubuta wa Apple buɗaɗɗiyar wasiƙa kan ƙin biyan mawaƙa a watanni ukun da masu sauraro ke gwada manhajar waƙa ta Apple Music kyauta, kamfanin kuwa ya janye matsayinsa nan take. Daga 2021 kuma ta fara fitar da tsofaffin kundayenta da ta sake rerawa domin ta mallaki sababbin faya-fayen, tunda na asalin ba mallakinta ba ne a lokacin.

Sai dai ka yi hattara, kada ka ba mawaƙi ladan abin da fasaha ta tilasta masa. Dandalin sauraron waƙa na Spotify ba ya ƙirga an saurari waƙa sai ta kai daƙiƙa 30, wannan na cikin dalilan da suka sa ake gaggauta kawo amshi, ake kuma taƙaita gabatarwa. Waƙar Old Town Road ta Lil Nas X, wadda asalinta bai kai minti biyu ba, ta fara tashe ne a TikTok kafin ta yi makonni 19 a saman jadawalin Billboard na waƙoƙin da suka fi tashe a Amurka a 2019. A nan dandalin da mawaƙin sun yi tarayya a nasarar.

Ka kuma duba ko salon ya tsallaka iyakar harshe da ƙasa. Gangnam Style ta Psy ita ce bidiyon farko da aka kalla sau biliyan ɗaya a YouTube, a 2012, alhali da harshen Koriya aka rera ta. Haɗin gwiwar Drake da Wizkid a 2016 ya kai kiɗan Afrobeats kunnuwan da ba su san shi ba, kuma a 2024 masu shirya kyautar Grammy suka fara bayar da lambar yabo ta musamman ga waƙar Afirka, wadda Tyla ta Afirka ta Kudu ta fara lashewa.